TSEREN MOTA A CIKIN NA'URA: AMSA GA WANI SAURAYI NA DAMANA

Maganar da muka ɗauko yau, wani zai ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba, tun da maganar wasa ce. To, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe, sa'an nan kowa ya yanke hukuncinsa.

Kwanakin baya wata hidima ta gida ta kai ni Damana, cibiyar gundumar Tondikandiya, can cikin Dallol Boso. Da la'asar sakaliya na nufi rumfar wani mai cajin waya, wanda ya kafa farantin hasken rana bisa rufin rumfarsa. Nan na tarar da samari bakwai ko takwas sun haɗa kawunansu bisa wayar salula guda. Wanda yake riƙe da ita yana karkata ta dama da hagu tamkar sitiyari, sauran kuwa suna ta sowa, wannan da Zabarmanci, wancan da Hausa. Da na leƙa sai na ga tseren motoci ne suke yi a cikin gilashin wayar. Wani dattijo da ke zaune gefe bisa tabarma ya dube ni ya ce: "Ɗana, ka ga yaran zamani? Mu da ƙuruciyarmu doki muke sukuwa da shi, su kuwa hoto suke kora." Muka yi dariya. Amma kafin in tashi, ɗaya daga cikin samarin ya matso ya ce: "Yaya, an ce a Turai ana cin kuɗi da wannan wasa, har a ba mutum mota ta gaskiya ya tuƙa. Haka ne, ko ƙarya ake yi mana?"

Na ce masa haka ne, amma rabin maganar ke nan. Ragowar rabin ita ce nake so in kawo a nan, domin ba shi kaɗai ta shafa ba. Ta shafi uwaye, ta shafi malaman makaranta, ta kuma shafi mahukunta waɗanda aka ɗora wa nauyin matasa da wasanni.

Da farko dai a san abin da ake magana a kai. Wasan da samarin Damana suke yi a waya, ƙanen abin ne. Babban yana cikin kwamfuta ko cikin akwatin wasa irin PlayStation. Mai wasa yana zaune bisa kujera, gabansa ga gilashi, hannunsa ga sitiyari, ƙafarsa ga totur da birki. An auna filayen tsere na gaskiya, kwana bayan kwana, tudu da gangare, an zuba su cikin na'ura. An lissafa nauyin mota, da yadda taya take cin ƙasa, da yadda take santsi in ta yi zafi ko in ruwa ya sauka. Wanda ya taka birki a makare zai zarce kwana kamar yadda direba na gaskiya yake zarcewa, sai dai shi ba a kai shi asibiti. Intanet kuma ita ce take haɗa mutum ashirin daga ƙasashe ashirin a fili guda, a lokaci guda, da alƙalai da dokoki da hukunci ga wanda ya bangaji ɗan'uwansa da gangan.

Kamfanin Japan mai suna Polyphony Digital ya fito da wasan Gran Turismo a shekarar 1997. A shekarar 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka ƙulla wata gasa mai suna GT Academy, bisa sharaɗin cewa wanda ya fi kowa a cikin na'ura za a horar da shi a ba shi mota ta gaskiya. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Sifen, Lucas Ordóñez, shi ya ci ta farko. A shekarar 2011 ya shiga tseren awa 24 na garin Le Mans a Faransa, tseren da ake yi tun 1923, motarsu ta zo ta biyu a rukuninta. A wannan shekara ta 2011 ɗin ne wani saurayi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya ci gasar a cikin mutum wajen 90,000, kuma a 2013 shi ma ya hau mumbari a Le Mans, na uku a rukuninsu. Labarinsa ne aka mai da fim a 2023, kuma ina kyautata zaton daga nan maganar ta iso kunnen samarinmu.

Daga baya manyan hukumomi suka shigo. Masu tseren Formula 1 suka buɗe tasu gasar ta na'ura a 2017, wani saurayi ɗan Ingila, Brendon Leigh, wanda yake aiki a ɗakin girki na wani gidan abinci, ya cinye ta a Abu Dabi, ya kuma sake cinyewa a 2018. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta sa hannu bisa gasar Gran Turismo a 2018, ɗan Barazil Igor Fraga ya ɗauki kofin ƙasashe a Monako. A 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe filaye, aka yi tseren Le Mans na awa 24 a cikin na'ura a watan Yuni, motoci 50, direbobi 200, cikinsu har da manyan direbobin duniya. Kwamitin wasannin Olimpik ma ya sa tseren na'ura cikin wasannin da ya shirya a 2021, da kuma a Singafo a 2023. Saboda haka wanda ya ce abin shirme ne na yara, lalle labari bai iso masa ba.

Amma kuma wanda ya ce wa yaro ga hanyar arziki, ya cuce shi. A duba lissafin da kyau: mutum 90,000 suka shiga, guda ya fita. Ita kanta GT Academy an rufe ta bayan 2016. Galibin waɗanda suke cin kofi a yau suna da ƙungiyoyi masu biyansu albashi, da masu horo, da kayan aiki na miliyoyi, kuma sun fara tun suna ƙanana a gidajen da wuta ba ta ɗaukewa. Har ila yau, mota ta gaskiya ba ta san wasa ba. Shi wannan Mardenborough, a 2015 motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus, ta faɗa wajen ƴan kallo, mutum guda ya rasu. A cikin na'ura in ka yi karo sai ka danna maɓalli ka sake. Bisa kwalta babu wannan maɓalli.

Akwai kuma tsoron uwaye, wanda ba na raina shi ko kaɗan. Yaron da ya kwana yana kallon gilashi ba ya tashi da asuba, ba ya gane karatu, ba ya kama hauya. Hukumar lafiya ta duniya da kanta ta amince a 2019 cewa kamuwa da wasan na'ura har ya hana mutum harkokin rayuwarsa, ciwo ne da ake lissafawa cikin cututtuka. Abin da ya fi wannan muni shi ne caca. Wayar da take ɗauke da wasan tsere, ita ce take ɗauke da masu kiran yaro ya zuba dala ɗari ya kwashi jika goma. Wajibi ne a raba waɗannan abubuwa biyu a idon jama'a. Gasa ita ce inda gwani yake cin wanda bai kai shi ba, saboda horo da natsuwa. Caca kuwa ita ce inda mai gidan caca yake cin kowa. Duk wanda ya haɗa su a kwando guda ya haramta, ya bar yaro da cacar ke nan, domin ita ba ta bukatar fili ko izini, a ɓoye take tafiya.

To, mu komo kan tambayar saurayin nan. In ya ƙware, zai iya karawa da ɗan Faransa ko ɗan Japan daga nan Damana? Amsa ta gaskiya ita ce: abin da zai kayar da shi ba hannunsa ba ne, waya ce da wuta da kuɗi.

Bari mu yi lissafin da kowane mai takardar yaƙi da jahilci zai iya bi. Motar da take gudun kilomita 300 a awa, tana cin mita 83 a cikin daƙiƙa guda. In aka raba daƙiƙa gida goma, a cikin kashi guda ta ci mita 8 da ɗoriya, watau tsawon mota kusan biyu. Manyan kwamfutocin da suke riƙe da waɗannan gasa galibinsu suna Turai ko Amurka ko Asiya. Daga Yamai zuwa Paris kusan kilomita 4000 ne in tsuntsu ya miƙe, amma saƙon intanet ba ya miƙewa. Ƙasarmu ba ta da bakin teku, sai saƙo ya gangara ta ƙasashen maƙwabta ya iske igiyoyin da aka shimfiɗa ƙarƙashin ruwa, ya kewaye gaɓar Afirka ta Yamma, sa'an nan ya hau Turai, ya kuma komo ta inda ya bi. Kafin wannan duka, sai ya fara tashi daga wayar yaro zuwa ƙarfen sadarwa na ƙauye, inda ya kan tsaya jiran layi. Ɗan Turai yana ganin motar abokin karawarsa inda take. Namu yana ganinta inda ta baro. Ya kauce wa motar da ba ta nan, ya daki wadda bai gani ba, alƙali kuma ya hukunta shi. In waya ta yanke gaba ɗaya, shi ke nan an fita da shi. Kada a ce wannan ciwon talaka ne kaɗai: Max Verstappen, wanda ya ci kambun Formula 1 sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, a Janairun 2023 yana kan gaba a tseren Le Mans na na'ura sadarwa ta yanke masa, ya fita cikin fushi. Sai dai abin da ya same shi rana guda har duniya ta ji, shi ne abincin yau da gobe na ɗan ƙauyenmu.

Maganar wuta kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. Mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, sa'ad da aka yanke wutar da take zo mana daga Najeriya, har babban birni ya koma ga fitila da injin. Game da kuɗi, akwatin PlayStation 5 da ya fito a 2020 an sa masa kuɗi Yuro 500 a Turai, watau wajen jika 328 na kuɗinmu, ban da kuɗin ɗauko shi, ban da kuɗin duwan, ban da gilashi da sitiyari. Manomin da zai sayar da sa ya saya wa ɗansa wannan, ai sai dangi su taru a kansa, kuma da gaskiyarsu. Bayan haka akwai wani shinge da ba a gani: manyan gasa suna da jerin ƙasashen da aka yarda mazaunansu su yi rajista, kuma mafi yawan ƙasashen Afirka ba su cikin jerin. Wannan shinge yaro ba ya iya tsallake shi da kansa, sai da hukuma ko ƙungiya mai rajista wadda za ta buga takarda ta nemi a san da mu.

Wani zai ce: to, tun da haka ne, a bar maganar mana, muna da abin da ya fi wannan zafi. Gaskiya ne muna da shi. Ƙasar Kurfai da Tondikandiya sun sha wuyar rashin tsaro, har a farkon 2020 hukuma ta hana hawan babur a sassa da dama na jahar Tilaberi, samari masu kabu-kabu da yawa suka zauna babu sana'a. Ga fari, ga tafiya cin rani, wadda take kwashe majiya ƙarfi zuwa Kwatano da Legas da Abijan da zarar an gama girbi. Amma ni a ganina wannan shi ne dalilin da ya sa ba za a bar maganar ba. Saurayin da yake zaune a fada daga hantsi har dare, shayi bayan shayi, ba abin yi, ba wanda ya san sunansa, shi ne wanda kowane mai mugun nufi yake nema. Duk abin da zai tara samari a fili, a gaban manya, bisa doka da alƙali, ya sa a kira sunan gwani a tafa masa, bai kamata a wofinta shi ba, ko da hoto ake kora.

Mun kuwa taɓa yin irin wannan aiki, ba baƙo ba ne gare mu. Kokowa wasan dandali ce ta bayan girbi, kowane gari da nasa gwani, ba wanda ya san na wani. A 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce, ɗan Fandu na nan ƙasar Tondikandiya, aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama sarkin kokowa. Yau takobin kokowa shi ne abin da ƙasa duka take tsayawa ta kalla. Ba kokowar aka ƙirƙiro ba, tsari aka ba ta: fili, da doka, da alƙali, da lokacin da kowa ya sani. Haka nan tun a shekarun 1960 Nijar ta kai telebijin cikin azuzuwan makaranta, daga baya aka kai akwatunan kallo na jama'a cikin ƙauyuka masu aiki da hasken rana, a ƙasar da Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana shekara da shekaru. In uwayenmu sun kunna telebijin da rana a ƙauye tun kafin a haife mu, mu ba mu da hujjar cewa akwatin wasa ya gagare mu.

Akwai kuma wani abu da yake ci mini rai. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978 ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979, ta ƙasarmu ya ratsa: Agadas, Tawa, Talco a arewacin Filinge, sa'an nan Yamai. Shekara da shekaru baƙi suna zuwa da motocinsu suna keta Tenere, duniya tana kallon rairayinmu a telebijin. Mu kuwa me muka samu? Muka tsaya bakin hanya muna ɗaga hannu, ƙura ta rufe mu, awaki suka watse. A 2009 tseren ya ƙaura Amurka ta Kudu, a 2020 ya koma Saudiyya, bai bar mana ko makarantar direbobin tsere guda ba. Motar Dakar ta fi ƙarfin aljihunmu, wannan ba gardama. Tseren na'ura shi ne karo na farko da kujerar direba ta sauko kusa da inda hannun talaka zai iya kaiwa, in an taru an yi karo-karo.

Ga abin da nake roƙon masu riƙon gundumomi da ma'aikatar matasa da wasanni su duba. Ba a ce a saya wa kowane yaro na'ura ba. Ɗaki guda ya isa, a gidan matasa ko kusa da makarantar sakandare, da farantan hasken rana da batir, da na'ura biyu ko uku, da mutum guda amintacce mai riƙe da mabuɗi da littafin suna. Kada kuma a fara da tseren kai tsaye da ƴan ƙetare, inda jinkirin waya zai karya wa yara zuciya. Akwai wani nau'in gasa da ya dace da halinmu ƙwarai: tseren agogo. Kowa ya shiga fili shi kaɗai, mota iri ɗaya, fili iri ɗaya, na'ura ta auna lokacinsa. A nan jinkirin waya ba ya cutar kowa, domin a cikin akwatin ake yin awon, sakamakon kaɗai ake aikawa. Ta wannan hanya ce aka tace dubban da suka shiga GT Academy tun da farko. Ko intanet babu, ana iya rubuta lokacin kowa bisa allo a manna a bango, gwanin Damana ya kara da na Bonkuku da na Balleyara, a haɗu Filinge a fitar da na yanki, sa'an nan a tafi Yamai, tafiyar kilomita wajen 180. Intanet ta tauraron ɗan'adam ta kamfanin Starlink, wadda ta fara aiki a Nijar a 2025, ta yi wa mutum guda tsada, amma ɗakin jama'a yana iya ɗaukar nauyinta in lokacin karawa da waje ya yi.

Dokokin ɗakin su ne ginshiƙi, kuma a rubuta su da Hausa da Zabarmanci da Faransanci a ƙofa. Ɗan makaranta ba ya shiga lokacin karatu, kuma sai da shaidar malaminsa. Da damina a rufe har a tashi daga gona. In an kira salla a kashe. Wanda aka kama ya sa kuɗi bisa wani, ko dala guda ce, a kore shi wata uku. Ƴan mata su samu ranarsu da mai kula da su, domin a wannan tsere ƙarfin damtse ba shi ne ba, kuma ba mu san inda Allah ya ajiye gwaninta ba. In so samu ne, a gayyato wani tsohon direba daga tasha da wani makanike su riƙa zama da yaran, su nuna musu abin da birki yake yi wa taya, da dalilin da ya sa mota mai lodi take kifewa a kwana. Cikin yara ɗari da za su bi ta wannan ɗaki, wataƙila ba ko guda da zai ga Monako. Amma za a samu direbobi da suka san cewa gudu yana da lissafi, da masu gyaran na'ura, da masu haɗa wutar rana, da waɗanda suka koyi karanta lamba da taswira ba da bulala ba. Hanyoyinmu da suke cin rayuka kowace shekara suna bukatar irin waɗannan fiye da kofi.

Kashegari da zan bar Damana na sake biyawa ta rumfar in karɓi wayata. Dattijon nan yana wurinsa. Na ce: "Baba, in aka buɗe wa yaran nan ɗaki aka sa musu doka, za ka yarda ka riƙe mabuɗi?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce zai riƙe, amma bisa sharaɗi biyu: a rufe kafin magariba, kuma ranar da za a fitar da gwani a yi sukuwar dawaki tukuna, yaran su tsaya su kalla.